Ranar da Muka Kashe Mai Huluna

A shekarar da nake karatun digiri na biyu na samu aikin wucin gadi a wani ƙaramin ɗakin adana tarihin unguwa a Harlem, cikin birnin New York. Kullum da safe sai in fito daga gidan gwaggona a Port Richmond, in hau bas zuwa St. George, in shiga jirgin ruwa, in sauka in shiga jirgin ƙasa, duk don in je in zauna ina kallon hotunan mutanen da ban sani ba. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa jin inda ake biyan mutum ladan kallon hoto ba, amma tunda Amurka ce, Allah ya sa albarka.

Aikin ba wuya. An ɗora tsofaffin hotunan unguwa a intanet, an buɗe wa jama'a ƙofa kowa ya liƙa wa hoto 'yan kalmomin da za su sa a same shi idan an nema. Su ake kira tag. Mu uku ne masu gadin ƙofar: shugabarmu, wata Baturiya mai fara'a wadda komai ke burge ta, wani ɗan Koriya mai shiru-shiru da ke kula da kwamfutoci, sai ni.

Rigimarsu ta fara ne a kan hoton wani mutum baƙi, dogo, yana tsaye bayan teburin huluna a titi na 125, tun zamanin da 'yan kasuwarmu ke baza kaya a bakin hanya. Shugaba ta rubuta: mutum, hula, tebur. Shi kuwa ɗan Koriya ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta: sanyi, hada-hadar yamma, jiran mai saye, kaɗaici cikin taro.

Ta ce masa, "Wa zai shigo ya nemi kaɗaici?"

Ya ce, "Wa zai shigo ya nemi tebur?"

Maimakon ta ji haushi, sai murna ta kama ta. Ta tashi ta ja layi a tsakiyar allo, ta rubuta Yamma a hagu, Gabas a dama. Mutanen Yamma, in ji ta, abin da ke gaba suke gani, mutanen Gabas kuma sai sun duba duk abin da ke kewaye da shi. Da mutum biyu kacal ta raba duniya gida biyu, ko shayinta bai huce ba. Sai ta juyo gare ni da alƙalami a hannu.

"Ku fa, wane ɓangare kuke?"

Na ce, "A Afirka ta Yamma aka haife mu, amma gabas muke kallo sau biyar a rana."

Ta rubuta hakan a ƙasan allon. Har yau ban san ko ta gane zolaya ce ba. Abin da ta roƙe ni shi ne in gayyato mutanena su ma su zo su sa nasu, don a ji muryarsu. Ni kuma da son a ce ina da amfani, na koma gida na ba Gwaggo adireshin shafin. Gwaggo ta jefa shi a guruf ɗinsu na mata, wanda labari ke zagaye New York ta cikinsa kafin tuwo ya nuna.

Aka kuwa ji muryarsu. Cikin kwana uku hoton mai huluna ya sha kalmomi kamar ana liƙi a gidan biki. Masha Allah. Amin. Mijin ƙanwar mai abincin nan ne. Ina gaisuwa. A sa mu a addu'a. Wata ta rantse wannan ba Harlem ba ne, Bronx ne, wata ta ce mata ta je ta sayi tabarau. Wata baiwar Allah kuma ta ga taro ya haɗu, ta tallata turaren wutarta. Babu wadda ta ambaci hula.

Shugaba ta sa ni fassara mata ɗaya bayan ɗaya, tana dafe ƙirji tana cewa ga zurfi. Can ƙasa na iske an rubuta: marigayi, Allah ya jiƙansa. A bayansa amin ta jeru har shafi ya ƙare. Da na fassara mata, idonta ya kawo ruwa. Ta ce a ɗauko hoton a kai shafin farko, a zagaye shi da baƙin layi. Ni da hannuna na rubuta 'yan kalmomin ta'aziyya, da Turanci da Hausa, har ina jin daɗin yadda suka tsaru. Ban tambayi kowa ba. Mata sama da goma sun ce amin, wace ce ni da zan nemi wata shaida?

Ranar Alhamis bayan azahar aka turo ƙofa. Wani dattijo ne dogo, da kwat mai kauri a kan kaftani, furfura ta cika masa gemu. Ya dubi Baturiya, ya dubi ɗan Koriya, ya tsaya a kan mayafina.

"Wane ne ya kashe ni a nan?"

Hausarsa ta Zangon Kumasi ce. Na miƙe na ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera."

"Kai ne?" Su can ba ruwansu da cewa "ke", mace da namiji duk "kai" ne.

Na ce, "Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya zauna ya ba ni labari, ba tare da ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗa ciwo. 'Yarsa ta kira daga Kumasi tana kuka har numfashinta na ɗaukewa. Mata huɗu sun je wa matarsa gaisuwar mutuwa da kulolin abinci, shi ya buɗe musu ƙofa, ɗaya ta yar da kula ta sauka bene da gudu. Laifinsa duka shi ne ya tashi daga Harlem ya koma wajen ɗansa, ya canja masallaci. Wata da ta shekara biyu ba ta gan shi a Idi ba ta yanke masa hukunci.

Shugaba ta yi ta ba da haƙuri, fuskarta ja wur. Ɗan Koriya ya kawo shayi da hannu biyu, ya rusuna. Na ce bari in goge komai yanzu, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya tukuna. Karanta mini abin da suka ce."

Na karanta masa. Wai mutumin kirki ne, mai zumunci, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Yana ji yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce in maimaita. Da na zo kan wata da ta ce ta yi rashin uba, ya ce, "Wannan ko sallamata ba ya amsawa." Daga ƙarshe ya ce in cire marigayi da baƙin layin, in bar addu'o'in. "Addu'a ba ta ruɓa. Ranar da na buƙace su, ba lalle su sake rubutawa ba."

Ɗan Koriya ya kasa haƙuri. Ya roƙe ni in tambayi Baba me yake ji a ransa ranar da aka ɗauki hoton, don ya ga wani nauyi a idonsa. Baba ya matso, ya ƙura wa hoton ido, ya yi murmushi.

"Fitsari nake ji. Ba mai tsare mini tebur."

Na fassara kamar yadda ya faɗa. Ɗan Koriya ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da buga tebur.

Baba bai tafi ba sai da ya yi awa biyu yana duba sauran hotunan, yana faɗa mini wanda ya rasu da gaske, da wanda ya koma gida, da wanda ke tuƙin tasi har yanzu. A nan muka tarar mun binne wasu mutum biyu da ransu, su ma an liƙa wa hotunansu marigayi.

Da na koma gida na tsare Gwaggo da tambayar wace ce ta fara rubuta marigayi. Ta ce ita ba ta tona asirin 'yan guruf. Ta ci gaba da yanka albasa, can ta ce ai mutumin ma ya kamata ya gode, ba kowa ke samun jin abin da za a faɗa a bayansa ba. Ranar Asabar dai na ga ta dafa shinkafa da miyar kaji ta cika kula, ta ce in zo in raka ta gidan Baba, tunda ni ya yi wa kwatancen gidan.