Gatari a Jikin Uwar Lemu

Jiya jikata ta yanka lemun tsami za ta matsa a kunu, ƙamshin ɓawon ya bugi hancina, sai na kau da kai. Lemun bai yi mini komai ba. Mutane ne suka yi, mutanen garinmu kuwa, shi ya sa har yau abin yake tsaye a raina.

Garinmu ƙarami ne, kudu da Damagaram, a bakin wani kwari mai ruwa kusa. Kowane gida yana da garkarsa, kowace garka cike da lemun tsami. Da kaka za ka ga jakuna sun jeru da mangaloli sun nufi Zango, kuma 'yan kasuwar can ba sa tayawa sai sun tambaya ko na garinmu ne. In lemu ya yi fure, ko makaho aka kawo zai gane ya iso.

A ƙofar gari, gefen tsohuwar rijiya, akwai wata bishiya da ake kira uwar lemu. Kakana na wajen uba ne ya shuka ta da irin da ya taho da shi daga Barno. Ban same shi da rai ba, sai matarsa, Kaka, ita ke kula da ita. Duk lemun da ke garin daga jikinta ya fito. In saurayi zai kafa gidansa, wurin Kaka yake zuwa ya durƙusa, ta ba shi dashe a kasko ta sa masa albarka. Mai zazzaɓi ya tsinki ganye a dafa masa, matafiyi ya tsinci wanda ya faɗo, ba mai tambayarsa. In za a yi maka kwatance, daga gindinta ake farawa. Doka ɗaya ce, ko yaro ya san ta: ƙarfe ba ya taɓa lemu da damina, don ruwa yana shiga miki ya ruɓar da itacen. Da gora mai ƙugiya ake tsinka, a hankali.

To, sai ga daminar da aka ce mun sami 'yanci. Aka aiko cewa wani babba zai biyo ta garinmu. Baffana, ƙanin babanmu, shi ne uban kwamitin tarba. Mutum ne mai son a gan shi, ya ɗan zauna a Birni ya dawo da baƙin gilashi da kalmomin Faransanci da bai san kansu ba. Shi ya kawo shawarar a yi ƙofar ganye a bakin gari, irin wadda ya gani ana yi wa kumandan, Baturen mulki, a kuma sassoke rassan lemu a gefen hanya kamar shuka, wai don baƙo ya san ya shigo garin lemu. Ka ji fa! Garin da ke da lemu mai rai ko'ina, sai an sare shi an kafa gawarsa kafin a yarda akwai shi.

Ƙananan rassa an samo su a garake. Manyan da za su riƙe ƙofar kuwa babu su sai a jikin uwar lemu.

Da hantsi suka zo da gatura. Ina zaune kusa da Kaka tana ɓarzar gero a inuwar. Baffa ya tsuguna ya gaishe ta, ya ce, "Inna, 'yan rassa kaɗan za mu rage. Don mutuncin gari ne."

Kaka ta ce, "Da damina? Kai ma ka san abin da kake faɗa?"

Ya ce, "Zamani ya canza, Inna. Za ta sake toho."

Ta miƙe ta jingina bayanta da gindin bishiyar. Ta dubi dattawan da suka rako shi ɗaya bayan ɗaya. Wallahi babu wanda bai taɓa durƙusawa gabanta ya karɓi kasko ba. Wannan ya shiga gyaran rawani, wancan ya ƙura wa takalminsa ido, babanmu ma yana cikinsu, ya yi tsit. Wannan shirun ya fi gatarin ba ni ƙyama. Mata biyu aka sa suka kama hannunta suna "Haƙuri, Kaka, haƙuri," suka janye ta kamar mai taɓin hankali. Da aka fara sara, ɗanyun 'ya'ya suka riƙa zubowa ana tattake su, wurin ya gume da ƙamshi mai ɗaci. Ƙamshin da na ji jiya ke nan.

Ranar tarba aka jera mu tun da safe, 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, a gaba da ƙananan tutoci, malaminsu da ake ce wa mushe yana ta daka musu tsawa. Rana ta ɗaga, ganye ya fara lanƙwashewa. Aka sa mu ɗebo ruwa muna yayyafa wa rassan da ba su da saiwa. Awaki suka gano garaɓasa, dattawa masu furfura suka shiga tsere da akuya, babbar riga na tashi sama. Baffa yana tsaye ƙarƙashin ƙofarsa yana sharce gumi yana maimaita jawabi.

Sai bayan azahar muka ji ƙugin motoci. Ta gaba kamyo ce, babbar motar kaya mai tsawo, ɗauke da masu kayan sarki. Ta iso bakin ƙofar ta tsaya, don ba za ta shige ba. Wani ya diro, bai tambayi kowa ba, ya ce a kawar da wannan tarkacen. Ka san su wa suka kawar? Su Baffa ne, da hannunsu, suka ture ta cikin kwalbati suna ba da haƙuri. Motar babban ta wuce a bayan kamyon, gilashi a rufe. Wani hannu ya ɗaga daga ciki. Ko na babban ne, ko na direba, Allah masani. Aka yi ta guɗa da tafi har suka ɓace.

Kaka ba ta je ba. Da na koma gindin uwar lemu na same ta tsaye a kan turmi tana shafa laka da kashin shanu a mikin rassan, tana lallaɓa su kamar mai yi wa jariri wanka. Na ba ta labari ina zaton za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Miƙo mini lakar, 'yar nan."

Bai yi amfani ba. Ruwa ya riga ya shiga. Ƙaro ya riƙa tsiyaya daga jikinta, gara ta biyo baya, kafin wata bazara uwar lemu ta bushe ƙayau. Waɗanda suka sare ta su suka zo neman itacen girki. Kaka ta rayu shekaru bayan haka, tana amsa gaisuwar Baffa, amma ba ta ƙara fita ta ƙofar garin nan ba, sai ranar da aka ɗauke ta.

Yanzu in ka je wurin, rijiyar an rufe ta, an gina wani ƙaton lemu na siminti an shafe shi da koren fenti, matasa suna ɗaukar hoto a jikinsa. Duk ranar bikin 'yanci manya kan zo su dasa ƙananan itatuwa a gefensa, a tafa, washegari akuya ta yi kalaci. Bara na kai ziyara, wata yarinya 'yar lakwal ta ga ina kallon simintin, ta matso cikin ladabi ta ce, "Kaka, a nan uwar lemu take a da. An koya mana fari ne ya kashe ta."

Na ce, "Wa ya gaya muku?"

Ta ce haka dattawa suka faɗa.

Dole su faɗi haka mana. Fari ba shi da 'ya'ya da jikoki a garin da za su ji kunya. Na zaunar da ita a gefen simintin nan na ce, "'Yar nan, shekarar da aka kashe ta ruwa har ya yi yawa. Gatari ne, kuma a gidanmu aka wasa shi."