Watannin Gangar Iska

Maigidana yana dawowa daga siton da yake lodin kaya wata mota ta buge tasa a titin Wendover, nan ƙasar waje da muke zaune. Ya daɗe a sume. Da ya farfaɗo, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, amma Turanci ya tafi kusan duka. Hausar da ya taso da ita a Jos ce ta rage masa, ita ma a tsintsinke.

Wata Mama a cocinmu ce ta ba ni labarin gangar iska: doguwar ganga ta gilashi da ake kwantar da majinyaci a ciki, a rufe, a matsa masa iskar oksijin. Na tambayi likitarsa. Ta ce ga irin raunin ƙwaƙwalwarsa ba a gama tabbatar da amfaninta ba, ba za ta yi mini alkawari ba. Na ce mu gwada.

Nakan tashi daga aikin kula da tsofaffi a unguwar Irving Park, in ɗauko shi, mu shiga cunkoson motoci zuwa wurin gangar. Ba a shafa mai, ba a shiga da waya, sai rigar auduga tasu. Da iskar ta fara matsawa kunnuwansa kan toshe, ya firgita. Ma'aikacin wurin ya yi ta magana da Turanci, ba ya ganewa, sai a miƙo mini kan wayar da ke jikin gangar.

"Baban yara, haɗiye yawu. Sake haɗiyewa."

"Ki buɗe ni," in ji shi.

"Saura kaɗan."

Idan ya lafa, nakan koma kujera. Sau da yawa ma'aikacin ne ke tashina daga barci, da jaka a cinya.

Mun yi watanni a haka. Barcinsa ya ɗan gyaru, yawan faɗan da yake yi ya ragu. Ko gangar ce ko lokaci ne, ban sani ba, likitar ma ba ta sani ba. Turancin bai dawo ba. Yara su yi masa magana da Turanci ya kalle ni, in fassara.

Wata ranar Laraba na fito da mota, ya tsaya a ƙofa da takalmi ɗaya a hannu.

"Kin gaji," ya ce. "Ni ma na gaji."

Na kashe motar. Na ɗora shinkafa, muka ci a falo, ban ma cire kayan aiki ba. Washegari na kira masu gangar na ce ba za mu ƙara zuwa ba.