Kujerar robar da Alhaji Ganiyu ya bar mini

Ranar Talata da hantsi ina Kasuwar Singa wajen sayen sukari, wayata ta yi ƙara. Hajiya Sidikatu ce, matar Alhaji Ganiyu. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Malam Bukar, abokin gardamarka ya tafi." Na yi ta maimaita innalillahi har mai shagon ya miƙo mini benci. Mako bakwai ke nan rabona da ƙofar gidansa, kuma da gangan na ƙaurace.

A Sabon Gari aka haife shi. Iyayensa 'yan kasuwa ne daga ƙasar Yarabawa, amma Hausarsa ta fi tawa, ni wanda iyayena suka zo daga Borno. Yana saurayi ya shiga soja a lokacin yaƙin basasa. Da ya dawo ya karanta shari'a, sai dai ya zaɓi aji maimakon kotu. Makarantar sakandare ɗaya muka koyar a Fagge, shi darasin gwamnati, ni tarihi. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba amma ba na gajiya da labarin mayaƙa, shi kuwa da ya ga yaƙi da idonsa ba ya ba da labarinsa. Shi ya sa ya laƙaba mini "Janar mai alli".

Da muka yi ritaya, kullum bayan la'asar muna ƙofar gidansa a Rijiyar Lemo, a kan kujeru biyu, ta katako da ta roba. Gardamarmu ɗaya ce shekara da shekaru: yaushe yaƙi ke halatta? Ni a ta katako ina cewa wanda aka zalunta yana da haƙƙin ɗaukar makami. Shi a ta roba yana jero mini tambayoyi. Wa ke da ikon ba da izini? An gwada sulhu har ya gagara? In an yi nasara, me za a yi da waɗanda aka ci? Ya kuma kafa mana doka: ranar Juma'a mu sauya kujera, kowa ya kare ra'ayin ɗan'uwansa. Yakan ce, "Wanda bai iya faɗin hujjar mai cewa a dakata ba, bai isa ya tura ɗan wani filin daga ba." Abin haushi, in ya hau kujerata ya fi ni iya kare yaƙi, don shi bai taɓa cewa kowane yaƙi haramun ne ba.

Na sha ganin maƙwabta sun kawo masa bidiyon gawarwakin 'yan ta'adda a waya suna murna. Sai ya kife wayar a cinyarsa, ya ce, "Kun san sunan uwar ko ɗaya daga cikinsu?"

Sai 'yan bindiga suka tare hanya suka kashe ƙanena Modu, direban babbar mota. Alhaji Ganiyu ya zauna tare da ni har sadakar bakwai. Juma'ar da ta biyo baya na je na tarar ya hau ta katako, ya bar mini ta roba. A tsaye na ce a ƙone duk ƙauyen da ya taɓa ba 'yan bindigar ruwa, kada a bar ko akuya.

Ya ce, "Janar, yau Juma'a ce. Zauna."

Na ce, "Ai ba ƙanenka aka kashe ba, Alhaji."

Sai ya ce, "Na ga ƙauyen da aka ƙone saboda mutum uku. Ni na riƙe galan ɗin fetur."

Shekara talatin da wani abu muna tare, ran nan kaɗai ya buɗe mini wannan ƙofa, ni kuwa na juya masa baya na tafi. Ya kira ni sau biyu ban ɗauka ba. Na yi masa rashin adalci, kuma na sani tun a lokacin.

Bayan jana'iza Hajiya ta kira ni soro. Ta ce, "Duk Juma'a sai ya sa an fitar da kujerun nan, ya hau ta katako har magariba. Na ce Baba, a shigar da ɗayar mana. Ya ce a bar ta, Janar ne da magana."

Juma'ar da ta wuce na je na zauna a ta roba. Masu wucewa suna kallon tsoho yana magana shi kaɗai. Na ce waɗanda suka kashe Modu a kama su a hukunta su, in sun ɗaga makami a yaƙe su. Amma matar da ta ba su ruwa da bakin bindiga a kanta ba ta kashe Modu ba, haka ɗanta da gonarta. Na faɗa da kyau, ina jin da ya yaba. Na jira a kawo mini suka kamar yadda aka saba, ta katako ba kowa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ganiyu, Ya yafe masa abin da ya ɗauka a ransa tun yana saurayi, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya Sidikatu da 'ya'yansa haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Ya jiƙan Modu da duk waɗanda yaƙi ya ci ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ni kuma Allah Ya yafe mini mako bakwai ɗin nan. Amin.