Buhu Uku a Ƙaramin Ɗaki

Ranar Litinin da ta wuce, a makarantar da nake koyarwa, aka aike ni sito in ɗauko alli. Ruwan farko ya sauka kwana biyu kafin nan, kwanon rufin ya yi yoyo a kan tarin tsofaffin takardun jarrabawa. Ina buɗe ƙofa warin ya tare ni, warin takardar da ta jiƙe, ta bushe, ta sake jiƙewa. Na tsaya riƙe da makulli, na kasa shiga. Idan ka taɓa zama da mutumin da ya tara littattafai a ɗakin ƙasa, ka san irin warin da nake nufi. Ni a wurina warin ɗakin Baffana ne.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Gida ɗaya muke, a wani ƙauye na ƙasar Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona, ba ka gane iyakar wani sai da layin gamba. Mahaifina manomi ne, yana kuma koyar da karatun allo a zaure. Baffa kuwa malamin Turanci ne a sakandaren jeka-ka-dawo da ke can bakin titi. Kullum da safe yakan ɗaure littattafai a bayan keke da igiyar roba, ya naɗe ƙafar wando, ya bi ta cikin gonaki. Idan damina ta yi nisa gero yakan rufe shi, sai hularsa kawai muke hangowa tana tafiya a saman ganye.

Adabin Turanci yake koyarwa: labarai, wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Amma abin da ya fi so shi ne ya sa yara su rubuta nasu. Duk dogon hutun damina yakan ce kowane ɗalibi ya nemi tsoho ko tsohuwa a gidansu, ya tambaye su wani abu da ya taɓa faruwa da su, ya rubuta shi da Turanci a littafi mai shafi arba'in. Idan an dawo hutu sai ya gyara da jan biro, ya karanta wa aji, amma ba ya mayar wa kowa littafinsa. Gida yake kawo su. Yakan ce wata rana zai zaɓi masu kyau ya kai Kano a buga, domin yaran da za su zo nan gaba su buɗe littafin Turanci su tarar da sunan ƙauyensu a ciki.

Ina aji biyar na firamare ya gwada abin a kaina. Ya ba ni fensir, ya tura ni wurin Kaka, wato mahaifiyarsu. Na same ta a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗar iri. Da ƙyar ta yarda ta ba ni labarin shekarar da ruwa ya ɗauke tana yarinya, suka taso daga wajen Kunci a ƙafa ita da mahaifiyarta, da akuya ɗaya da tukunya. Tana cikin bayarwa ta hango Baffa ya laɓe a bakin ɗakinsa yana saurare.

Ta ce, "Kai da yarinyar nan ba ku da aikin yi ne? Yunwa ce za a rubuta?"

Ya ce, "Ita za a rubuta, Inna."

Na cika shafi ɗaya da rabi, na kai masa ina alfahari. Ya karanta, ya ja layi a ƙarƙashin inda na ce sun ji yunwa ƙwarai. Ya ce kowa ma yakan ji yunwa ƙwarai kafin azahar, in faɗa masa abin da Kaka ta gani da idonta. Na yi ta tunani, can na tuna ta ce wata safiya sun farka sun tarar akuyar ta cinye gefen tabarmar da suke kwance a kai. Ya miƙo mini fensirin ya ce, "To, shi za ki rubuta." Duk karatun da na yi daga baya ban koyi abin da ya fi wannan ba.

Mahaifina bai taɓa ganin amfanin aikin ba. Wani lokaci in suna cin tuwo a zaure nakan ji yana cewa, "Ƙarya ce ake biyan ka ka koya wa 'ya'yan mutane." Baffa sai ya sunkuyar da kai, don bai taɓa mayar wa yayansa magana ba. Amma mahaifina bai hana ni shiga ɗakin Baffa ba ko sau ɗaya. Akwai ma wata yamma da Baffa yake fassara mana wani wasan kwaikwayo da Hausa, mu yara da matan gida mun kewaye shi, na waiga na ga mahaifina tsaye a bayan zana da fartanya a kafaɗa. Bai motsa ba sai da aka kai ƙarshe.

Na shiga sakandaren nan ina ƙirga shekarun da suka rage in kai babban aji in zauna a gabansa. Ban samu ba. Ina aji uku aka kawo sabon shugaban makaranta. Ya duba sakamakon jarrabawar fita, ya ga adabi ne yara suka fi faɗuwa. Ba abin mamaki ba ne, don sau da yawa littafi ɗaya ne ga aji guda, Baffa ne yake kwafe babi-babi a allo har alli ya cinye masa yatsu. Shugaban ya ce darasin yana ɓata wa makaranta suna, iyaye kuma kimiyya suke so. Aka cire shi daga jadawali. Aka mayar da Baffa ƙananan azuzuwa yana koyar da nahawu da yadda ake cike gurbi.

Ya rubuta takardu, ya je ofishin shiyya, ya je Kano sau biyu da farar rigarsa ta Juma'a. Dawowarsa ta biyu na kai musu ruwa zaure, na ji yana gaya wa mahaifina abin da wani jami'i ya ce masa: "Malam, ai har yanzu Turancin kake koyarwa. Me ya ragu?" Mahaifina ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Baffa ya amsa da amin, murya can ƙasa.

Daga nan ya buɗe aji ranar Asabar a gindin ɗorawar da ke bayan gidanmu, ba ya karɓar ko kwabo. Makon farko inuwar ba ta ishe mu ba. Ya fito da wasu daga cikin tsofaffin littattafan ɗalibansa yana karanta mana, muna dariyar kurakuran Turancinsu, shi kuma yana nuna mana inda suka yi abin kirki. Sai ruwa ya sauka, shuka ta ɗauke maza, noman farko ya hana su dawowa. Mata suka riƙa raguwa, tunda abin ba ya cikin jarrabawa, kuma Asabar ranar wanki ce da surfe. Muka koma huɗu, muka koma biyu. Kafin a yanke gero saura ni kaɗai. Duk da haka a tsaye yake koyarwa, yana kai da komo, yana cewa, "Ku buɗe shafi na gaba," alhali ba kowa a kan tabarmar sai ni. Ban taɓa iya gyara masa ba.

Na gama, na tafi kwalejin horar da malamai a Kano. A shekarun nan ne ciwon suga ya kama shi, idanunsa suka riƙa dushewa har ya ajiye aiki. Da ya daina gani sosai, matarsa ta ga yana yawan tuntuɓe da tarin littattafan a ɗaki. Sai ta zuba na ɗaliban a buhunan taki guda uku, ta ɗaure baki, ta jingina su da bango a ƙaramin ɗakin da ake ajiye garma da kwanduna. Da kyakkyawar niyya ta yi. Damina biyu suka yi a nan.

Na dawo hutu a shekarata ta ƙarshe, na same shi bayan la'asar a kan tabarma, fuskarsa a sake kamar yadda na daɗe ban gani ba. Ya ce wani tsohon ɗalibinsa ya zo gaishe shi, ashe yanzu yana da injin buga takardu a birni, kuma ya ce a kawo rubuce-rubucen zai buga su kyauta. Baffa ya ce mu biyu za mu yi aikin, ni ina karantawa shi yana zaɓa.

Ya ce, "Fara ɗauko mini wani mai koren bango. Yaron da ya rubuta labarin kakansa mai haƙar rijiya."

Na shiga ƙaramin ɗakin na kama buhun farko. Ina ɗagawa gindinsa ya zube, jar ƙasa ta kwararo mini a ƙafa. Gara ce. Ta bi ta bango ta shiga, ta gina gidanta a ciki. Na kwance na biyu, na kwance na uku. Bangon littattafan yana nan, wasu har da sunayen masu su, amma in ka buɗe sai ramuka da ƙasa, da guntun jan biro nan da can. Na tona har na samo koren. Babu jimla ɗaya da ta rage cikakkiya.

Ban san abin da ya sa na yi abin da na yi ba. Na karkaɗe littafin, na fito na zauna kusa da shi, na buɗe, na fara karantawa da ka. Na san labarin, don ya taɓa karanta mana shi a gindin ɗorawa: tsohon da ya haƙa rijiya mai zurfin gaba goma sha biyu bai tarar da ruwa ba, mutanen gari suka daina kawo masa abinci, ya ci gaba shi kaɗai. Inda na manta sai in ƙirƙira. Har shafi nake juyawa don ya ji motsin takarda. Ya saurara, kansa a karkace, bai katse ni ba sai da na yi nisa.

Ya ce, "Wannan yaron bai taɓa haɗa jimla mai kyau haka ba. Ba ni littafin."

Na miƙa masa. Ya shafa bangon, ya buɗe, ya bi cikin da yatsa. Ƙasa ta riƙa marmashewa tana zuba a kan rigarsa.

"Sauran fa?"

"Duka ne, Baffa."

Matarsa tana bakin madafa ta ji, ta sa gefen zane ta rufe fuska. Ya ji kukanta, sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce kada wanda ya ga laifinta, shi ne ya ajiye su shekara ashirin yana jiran lokaci. Daga nan ya ce in kawo masa buta. Bai sake tayar da maganar ba, kuma tun daga ranar bai ƙara yi mini Turanci ba, shi da ko gaisuwa da shi yake tsokanata. Ya rasu bayan shekara biyu, ana tsakiyar ɗaurin dawa. A zaman makoki na ji mahaifina yana ce wa wani baƙo, "Ban taɓa gane aikinsa ba, amma ban taɓa ganin ya yi shi da wasa ba."

Yau shekarata goma sha biyu ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a wajen Gezawa. Babu adabi a jadawalinmu, ban ma tarar da shi ba. Abin da nake yi shi ne in saci rabin lokacin insha'i in karanta musu ɗan labari, idan hayaniya ta bari. Yaran ba su da laifi. Suna da ladabi, suna kuma son su ci jarrabawa, kuma sun san abin da ake ci da shi.

Kwanan baya na ba 'yan aji biyar aikin gida. Na ce kowacce ta rubuta abin da ta gani a hanyarta ta zuwa makaranta. Da na zauna gyarawa na tarar fiye da rabi daga wayar yayyensu suka kwafo. Wata yarinya mai ƙoƙari, wadda na san a ƙafa take zuwa daga wani ƙauye mai nisa, ta kawo mini shafi biyu ba kuskure ko ɗaya. A ciki ta hau jirgin ƙasa, ta wuce shagon furanni, ƙanƙara tana sauka a kan rigar sanyinta. Na kira ta bayan an tashi. Ban yi mata faɗa ba. Na ce ta gaya mini da Hausa abin da ta wuce yau da safe.

Ta murza bakin hijabi, sannan ta ce, "Malama, ai hanyarmu babu komai. Gonaki ne kawai."

Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ga ƙawayenta suna jiran ta a bakin ƙofa, hadari kuma ya haɗo daga gabas, tafiya ce mai nisa a gabanta. Na ce ta tafi kada ruwa ya same ta. Na zauna ni kaɗai a ajin da littafinta a gabana. Turancin daidai ne, kuma na san idan ta rubuta irinsa a jarrabawar fita za ta ci. Na ɗauki biro na ba ta takwas cikin goma.