Magunan Gwaggo Dije a Jidda

Talata: Funtua zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida, bayan na durƙusa gaban Baba ya maimaita mini saƙonsa: in na gama Umra in biya Jidda in taho masa da ƙanwarsa, Gwaggo Dije. Tun ina firamare ta tafi aikin Hajji da mijinta, ba ta dawo ba. Mijin ya rasu a can, ɗansu ɗaya tilo ma ya bi shi. Baba kuwa ya tsufa, yana son ya gan ta.

Ni ma da tawa damuwar na shiga mota. Malamin dabbobi ne ni, shekara goma sha takwas ina bin rugage ina yi wa shanu allura. Kafin tafiyar nan wani mahaukacin kare ya ciji yara a wani ƙauye, sai gwamnati ta ware tallafi don rigakafi da jinyar karnuka da maguna, aka ce ni zan riƙe aikin. Tun ranar na zama abin tsokana a majalisarmu ta hira. Wani ya ce mini, "Asibitinmu ko maganin zazzaɓi babu, amma kare ya samu kasonsa." Ba ƙarya ya yi ba kuwa. Na rubuta takardar neman a sauya ni, na ajiye a aljihun tebur sai na dawo.

Fijo muka hau, ta Malumfashi da Gwarzo, muka tsaya a shingen 'yan sanda uku, muka shiga Kano tara saura. Jirgi ya tashi sha biyu, ya sauke mu Jidda bayan magariba, bas ta wuce da mu Makka. Kwana uku na yi can, na sauke Umra lafiya.

Asabar: Hindawiyya

Bayan sallar asuba na shiga motar haya, sa'a ɗaya da 'yan mintoci muna cikin Jidda. A tasha na tarar da Usman, maƙwabcin Gwaggo, direban tasi mai kimanin shekara arba'in. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina da ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce.

"Kai ne ɗan ɗan'uwan Hala Dije? Yalla, shiga. Ba ta gida yanzu, tana wajen bisas."

"Wajen wa?"

"Bisas. Mage, mage da yawa."

Ɗakin Gwaggo ɗaya ne a saman wani tsohon gida a unguwar Hindawiyya. Usman ya kawo mini gurasa da waken ful da shayi, na zauna jira. Wajen tara na ji takunta a matakala, tana hawa tana hutawa. Da ta shigo ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Tsayuwar Yaya ka ɗauko." Sai ta zauna a bakin katifa ta yi kuka a hankali, ni ma na sunkuyar da kai.

Da la'asar na isar da saƙon Baba. Ta ce ta ji, in bari sai jibi.

Lahadi: Balad

Ƙarfe shida ta tashe ni, ta miƙo mini jarka biyu cike da ruwa, ita ta ɗauki bokiti. Usman ya sauke mu a kasuwar kifi, inda wasu masu yanka suka riga suka tara mata kawuna da hanji. Daga nan muka taka zuwa Balad, tsohuwar unguwar da gidajenta na dutsen teku ne, tagoginsu na katako sun turo kan lungu. Tafiyar da ni zan yi a minti goma sha biyar ta ɗauke mu arba'in, saboda gwiwoyinta.

Tana shiga lungun farko ta buga bakin bokiti da cokali. Daga ƙarƙashin motoci, daga kan katanga, daga cikin kangaye, maguna suka dinga fitowa. Na ƙirga ashirin na bari. Ruwa ta fara zubawa a gwangwanaye kafin ta raba kifin.

"Garin nan ba kududdufi, Sabi'u," in ji ta. "Can gida mage za ta samu inda za ta lasa. Nan in mutum bai zuba ba, ba ta sha ba."

Ta ce ta soma ne shekarar da ɗanta ya rasu. A lungun nan take kasa gyaɗa, wata mage ta haihu a bayan tabarmarta, ta ga ba za ta iya cin abinci suna kallonta ba.

A lungu na uku ta nuna mini wani baƙin muzuru kwance, kuncinsa ya kumbura, kwana biyu bai ci komai ba. Na duba, ƙurji ne daga cizon faɗa. Na je kantin magani na sayo aidin da auduga da sabuwar reza, riyal goma sha biyu. Gwaggo ta naɗe shi a tsohon zani ta danne shi a cinyarta, na tsaga ƙurjin na matse, na wanke da ruwan gishiri. Na yi wa shanu irin wannan ba adadi, amma kowace saniya da mai ita tsaye a kaina yana jira. Wannan ba na kowa ba ne. Da ba mu biyo ba, nan zai mutu, ba wanda zai rasa komai.

Muna hutawa a bakin wani kanti na ba ta labarin tallafin, da takardar da na rubuta.

Ta ce, "In ka ƙi, asibitin mutane za a kai kuɗin?"

Na ce a'a, wani za a ba aikin.

"Wanda ya fi ka sanin dabba?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ni fiye da shekara ashirin ina roƙon kan kifi. Kai an ba ka magani da mota, kana jin kunyar 'yan majalisa. Yaran da karen nan ya ciza ai ba 'ya'yan karnuka ba ne."

Ban ce ta warware mini komai ba. Har yau in na shiga asibitinmu na ga mace zaune da yaro ba magani, maganar mutumin nan takan dawo mini. Abin da na gane kawai shi ne ƙin aikina ba zai ƙara wa yaron ko ƙwaya ɗaya ba.

Litinin: amsar Gwaggo

Da hantsi ta kira ni. Ta ce ba ta da iƙama, wato takardar zama, tun rasuwar mijinta. In za ta fita sai ta miƙa kanta, ta yi zaman jira a gidan tarhili inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, kuma in ta fita ba dawowa.

Na ce, "Gwaggo, in maguna ne, ai Usman zai iya."

"Usman zai iya, matarsa ma tana yi in ciwon ƙafa ya kwantar da ni. Kar ka ɗora wa maguna. Mijina da ɗana suna cikin ƙasar nan. Ina so a sa ni kusa da su."

Na yi magiya iya yina, ba ta canza ba. Usman ya kawo rakoda da sabon kaset don ta yi wa Baba saƙo, ta ce a kai ta lungunta, can ta fi sakin jiki. Na tsaya nesa, ta yi magana kusan rabin sa'a. Muzurun jiya ya fito yana cin kifi da gefen baki ɗaya.

Laraba: gida

Jirginmu ya sauka Kano da hantsi, na isa Funtua bayan la'asar. Baba na zaune a zaure. Ya dubi bayana, ya ga ba kowa, bai tambaya ba. Na sa masa kaset ɗin. Muryarta ta fito tana gaishe shi, tana kiran sunayen mutanen da rabinsu sun rasu, tana neman gafararsa, ga kukan maguna ta ko'ina.

Ya ce, "Su wa ke tare da ita?"

Na gaya masa. Sai ya ce, "To, ba ita kaɗai ba ce. Mayar da kaset ɗin farko."

Washegari na koma ofis na karɓi aikin, satin da ya biyo baya muka fara allura daga ƙauyen da karen ya ciji yara. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ina gode wa Usman da iyalinsa. Wanda ya karanta wannan, ya sa Gwaggo Dije da Baba a addu'a, Allah ya sada su a inda ya fi nan.