Zauren Kawu Bukar

Ina danna wani saƙo da ya shigo mini a intanet sai allon ya yi ja wur. Aka rubuto da Turanci wai an kwashe duk hotunan da ke cikin kwamfutar, za a watsa wa duniya. Innalillahi! Hotunan ranar lallen ƙawata Yagana duk suna ciki, kai ba ɗankwali, muna ta tiƙar rawa.

Kwamfutar Kawu Bukar ce, da ya rasu ta dawo hannuna. Kun dai san ta, wadda ya ɗaure da robar tayar keke, yake ɗorawa a kan murfin randa wai ta sha sanyi. In aka ce ya sayi sabuwa sai ya ce, "Ku da kuka tsufa, an sayo sababbinku ne?"

Kun kuma san ranar saki. Yana tsaka da buga katin biki a shagonsa na bakin kasuwar Haɗeja, tsohuwar ta kasa ɗaukar sabuwar manhajar Windos, ta tsaya cik. Ya cire hula, ya ƙwala wa maƙwabcinsa Malam Ado tela kira ya zo ya yi shaida.

"Windos, na sake ki saki uku!"

Kafin la'asar ya sa wata manhajar, Linuks, a madadinta. Ashe firintarsa Windos kaɗai ta sani. Sai ya yanka ɗan ɗaki a cikin Linuks ɗin ya zuba Windos a ciki, tana aiki a taga guda, kamar talabijin a cikin talabijin.

"Kai Bukar, saki uku fa, a gabana!" in ji Malam Ado. "Yaya aka yi ta dawo?"

"Wa ya ce ta dawo? A zaure take kwana. Ba ta san ma hanyar cikin gida ba."

Daminar da ruwa ya cinye hanyar Auyo kuwa, da kwamfutar ya shiga kwalekwale. Suna tsakiya jirgi ya tangaɗa, Kawu ya saki komai ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Malam, kama gefe!" in ji mai fito.

"Ni na iya ruwa, ita ba ta iya ba!"

Bai iya ba. Ya miƙa ta ga mai fito ya faɗa ruwa, da gora aka jawo shi. Masunta suka tausaya suka ba shi tarwaɗa, ya dawo ba hula ba takalmi yana washe baki.

Ni doka ya kafa mini: intanet sai ta zaure, wato ta tagar Windos ɗin nan.

"Kawu, nan ɗin nauyi gare shi wallahi."

"Saurin me kike, Falmata? Motar Kano za ki tara?"

Na bi don gudun faɗa, har na saba ban sani ba.

Ranar jan allon, rungumar kwamfutar na yi na ruga wajen Malam Ado, takalmina wari da wari. Shekarun da ya yi kusa da Kawu, dole ya koyi harkar kwamfuta ko ba ya so. Ya ajiye almakashi ya duba.

"Ta ina kika shiga, 'yar nan?"

"Ta zaure, Baba."

Ya rufe tagar, ja ya ɓace. Ya dawo da zauren yadda Kawu ya adana shi, don mu ga abin da ɓarayin suka samu. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Na zaci kuka yake.

Hoto ɗaya tak ne a ciki: Kawu jiƙe sharkaf, rungume da tarwaɗa.

"To su watsa!" Malam Ado ya ce yana share ido. "Naku na cikin gida, ko ƙofar ba su gani ba. Je ki sha ruwa, babu abin da zai same ki."

Daidai nan aka kira azahar. Na zauna a bencin ɗinki ina dariya, hawaye na zuba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa. Yadda ya tsare mini ƙofa, Allah Ya buɗe masa ta Aljanna, Ya shigar da shi har cikin gida.