Tujen Yaya Lawali

Ranar wata Talata ce cikin watan takwas, a daminar 1994, da hantsi. Ina kwance rub da ciki a gindin wata sabara, arewa da gonarmu, ƙarangiya ta cika mini zane, ƙwaryar furar da aka aiko ni da ita tana gefe ƙudaje na bin faifan. Can gabana, cikin ciyawar da ta kai gwiwa, wani baƙin abu yana tafiya a durƙushe, ya sunkuyar da dogon baki ƙasa kamar mai tsintar fara, ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Wanda bai sani ba zai rantse burtu ne. Yayana ne Lawali, da kan burtu ɗaure a goshinsa, ya lulluɓe da baƙin zanen Inna. Gaba da shi kaɗan tuje yana tsaye, wuyansa a miƙe, ya fi akuya tsawo. Na ji ƙara 'yar ƙarama, ƙyas, sai kuma wata. Tujen ya juyo ya dube shi da ido ɗaya, ya taka a hankali kamar mai sarauta, sannan ya ruga, ya buɗe fikafikai ya tashi da nauyi. Yaya ya zauna daɓas cikin ciyawa yana dariya ba sauti. Da na iso ya miƙo mini abin ɗaukar hoton, ya nuna mini inda zan danna, ya ce, "Rabi, ɗauke ni haka tun ban cire ba."

Lokacin shekaruna goma, shi kuma yana kwaleji a nan Dakoro. Abin ɗaukar hoton, wanda a wurinmu ake ce wa aparai, ba nasa ba ne. Mushen, wato malamin da ke koya musu ilimin dabbobi da tsirrai ne ya ba shi aro da zai tafi garinsu babban hutu, da fim guda ɗaya a ciki, saboda ya ga yaron ba ya gajiya da tambaya a kan tsuntsaye. Ya yi masa gargaɗi ɗaya: kada ya buɗe bayan aparan ko da wasa, haske yana kashe hoton da ba a wanke ba, in fim ya cika a kai shi yadda yake wurin mai wankin hoto a Maradi. Yaya ya riƙe maganar nan kamar karatun allo. Ya ɗinka wa aparan jaka da tsohuwar rigarsa, yana rataye shi a ɗakin Inna sama da inda hannun yara zai kai.

Tun kafin aparai Yaya mutumin tsuntsaye ne. Mu sauran yara abin da muka sani game da tsuntsu shi ne danƙo da tarko da gashi a bakin murhu, shi kuwa kallo kawai yake yi. Shi ya koya mini in bambanta kukan fakara da na zabon daji, ya nuna mini sheƙar shamuwa a kan gawon bayan gidanmu, ya ce in lura ba ta zuwa sai ruwa ya kusa. Amma shamuwa da balbela tsuntsayen gari ne, ba su da kunya. Abin da yake so tuje ne, wanda tun a lokacin ya fara wuyar gani, kuma wanda ba ya bari ɗan Adam ya matso shi ko da nisan jifa. Ni ce na fara ganin wannan tujen. Aikina a daminar nan shi ne in tatsi awaki da safe, in taya Inna surfe, in kai fura gona, in tsinko tafasa da gasaya a hanyar dawowa. Wata rana na bi wata akuya da ta ɓalle har bayan gonakin ƙarshe, wajen da ƙasa ke gangarawa zuwa kwari, sai na ga wani kai ya leƙo daga cikin ciyawa ya koma. Da na gaya wa Yaya ya ajiye hauya a tsakiyar kunya, har Baba ya yi masa tsawa.

Ya sha wuya kafin ya gane cewa da ƙafa biyu ba za a yi ba. Duk ranar da aka tashi daga noma sai ya tafi, ya dawo da ƙaya a tafin ƙafa ba tare da ya danna ko sau ɗaya ba, domin ba ya son ɓata fim a kan ɗigon da ba za a gane ba. Daga baya ya je wurin Baba Nomau, wani tsohon maharbi da ido ya fara gaza masa, ya roƙi aron kan burtunsa. Maharban da can haka suke yi: su ɗaura kan burtu a goshi, su rufa da baƙi, su yi tafiyar tsuntsu, namun daji su ɗauke su abokan kiwo har su shigo inda kibiya za ta kai. Tsohon ya ba shi, ya kuma koya masa tafiyar a tsakar gidansa. Na tuna yana cewa, "Burtu ba ya sauri, ɗana. Wanda ya yi sauri mutum ne." Mu kuma da yamma, maimakon carabke da gaɗa, sai mu kewaye Yaya a bayan rumbu yana gwaji, kaji na gudu, Inna na dariya tana rufe baki da gefen zane.

Dariyar Inna ta ƙauna ce. Ta gari daban take. Labari ya fita cewa ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ya zama tsuntsu, samari suka laƙaba masa Burtu, suna kaɗa kai in ya wuce. Wanda ya fi kowa jin daɗin abin shi ne Kawu Garba, wan Inna, ɗan kasuwar hatsi da ke kai gero da wake Maradi. Kawu irin mutanen nan ne da ba su taɓa cewa ban sani ba. Ya taɓa kwance rediyon Baba don ya gyara, ya mayar da ita da ragowar kusoshi a aljihu, ya ce dama kayan yanzu ba su da ƙarko. Yana da agogo mai ƙyalli da ba ya tafiya, yana duba shi kafin ya faɗi lokaci. A bakin shagonsa, cikin masu jiran ya saya musu shayi, yakan ce, "Tuje nama ne. Mi za a yi da hoton nama? In ya gan shi da gaske ya kawo cinya mu shaida." Su kuma su kwashe da dariya, domin dariyar ita ce kuɗin shayinsu.

Abin takaici, duk danginmu shi kaɗai ne mai zuwa Maradi a kai a kai. Washegarin ranar da ya ɗauki tujen, bayan la'asar, Yaya bai jira fim ya cika ba, ya yi wanka ya sa rigarsa ta lakwal, ya ɗauki aparan cikin jakarsa, ni kuma na bi shi. Ya durƙusa gaban Kawu ya miƙa da hannu biyu, ya yi bayani a hankali: a kai wa mai wankin hoto yadda yake, kada a buɗe, haske zai ɓata shi. Ya maimaita. Kawu ya juya aparan sama da ƙasa, ya dubi mutanensa, ya ce, "Kai, yaro, ni za ka koya wa wanga abu? Kahin a haihe ka nike shiga gidan hoto. Na ga yadda suke ɗaga shi a rana su ga mutum ciki." Abin da ya gani a Maradi fim ne da aka riga aka wanke, amma wa zai gaya masa? Yaya ya ce, "Kawu, don Allah," ya miƙa hannu, sai ya tuna gaban wa yake, ya janye. Kawu ya sa farce ya ɓalle murfin baya, ya jawo fim ɗin ya yi ta ja har ya kai tsawon hannunsa, ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido, rana na dukan sa daga wannan gefe zuwa wancan. Masu shayi suka taso suna leƙe. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya jefa wa Yaya a cinya ya ce, "Babu komi ciki. Ko dai mushen naka hwanko ya ba ka, ko kuwa ba ka ga tujen ba."

Yaya ya kai hannu cinyarsa. Ya naɗe fim ɗin a yatsa, ya rufe aparan, ya yi wa Kawu sallama kamar yadda aka koya mana. A hanya ma bai yi kuka ba, ni ce na yi. Inna da ta ji ba ta tunkari Kawu ba, domin wanta ne, kuma buhun geron da ke kai mu ƙarshen damina daga shagonsa yake fitowa. Kawu bai taɓa yarda ya yi ɓarna ba, har bayan da mushen ya dawo ya bayyana abin da ya faru. Ya ce malaman lakwal kullum bayan junansu suke bi. Na ce ni ma na ga tujen da idona, aka ce yarinya ce, yayanta take karewa. Yaya ya sake komawa kwarin sau da yawa, ba aparai, ba kan burtu, ya tsaya daga nesa kawai. Kafin a yanke gero tujen ya daina zuwa, ba mu san ko ƙaura ya yi ko wani ya kai cinyar da ake nema ba. Sunan Burtu kuwa ya bi Yaya har ya zama malami a Kornaka, har 'yan lakwal ɗinsa suna faɗa a ɓoye.

Bara Yaya Lawali ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Wurin zaman makoki Kawu Garba ya zo, ya tsufa amma bakin yana nan, da babbar wayar salula a hannu wadda jikansa ke kunna masa. Daga cikin gida na ji shi ta bayan zana yana gaya wa mutane cewa marigayi tun yana yaro mai basira ne, kuma shi ne ya fara gane haka, har yakan taimaka masa a harkar hotuna. Aka yi ta cewa Allah sarki. Ban fita ba, na ci gaba da zuba wa baƙi ruwa.

Yanzu kowane yaro a Dakoro yana da abin ɗaukar hoto a aljihu, yana danna shi ba lissafi, ya ɗauki tuwo, ya ɗauki takalmi, ya goge. Wajen da na kwanta gindin sabara ya zama gona, kwarin ma an nome shi har baki, Baba Nomau ya daɗe da rasuwa kuma ban san inda kan burtunsa ya shiga ba. Kwanan baya ƙaramin ɗan Yaya ya tambaye ni yadda tuje yake, da na fara kwatantawa sai ya nemo mini a salula, na wata ƙasa, fes, har gashin ido ana gani. Na ce masa haka yake. Ban gaya masa cewa ba tujen nake so in sake gani ba, hoton da ya biyo bayan nasa ne a fim ɗin nan: babansa yana ɗan shekara goma sha shida, zaune cikin ciyawa, da kan burtu a karkace a goshi, yana dariya. Ni na ɗauke shi, kuma ni kaɗai na rage da na gan shi.